Daga Rumfar Mai POS Zuwa Rumbun Ƙetare: Wa Ke Tsaron Bayanan Mutanen Lautai?

A ƙasar Lautai, wato masarautar Gumel, ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, kuma duk wanda ya san kara ya san kuɗin da ke juyawa a cikinta ba na wasa ba ne. Shanu da raƙuma da tumaki na shigowa daga ƙasar Damagaram da abin da ke bayanta, tireloli na lodi zuwa Kudu, a wani ɓangaren kuma ana auna riɗi da zoɓo. A da, falke da damman kuɗi yake zuwa, a buhu ko a ɗaure a ƙugu. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, bayan da Babban Banki ya sauya fasalin kuɗi, al'amarin ya juya. Yanzu in an sallama, tambayar da za ka ji ita ce ko alat ya shigo. In sabis ya ɗauke, mai saye da mai sayarwa da dillali duk su yi cirko-cirko a gaban rumfar mai POS.

Kowane ciniki irin wannan yana barin sawu: sunan mai turawa, sunan mai karɓa, lambar asusu, lambar waya, adadin kuɗi, lokaci, har da wurin da na'urar take. Kuma kasuwa ba ita kaɗai ke kwasar irin wannan bayani ba. Manomin Gagarawa da bai taɓa dafa kwamfuta ba ya riga ya ba da zanen yatsunsa goma da hoton fuskarsa lokacin da ya yi katin ɗan ƙasa. Ya ba da su a banki saboda BVN, wadda Babban Banki ya ƙaddamar a 2014. Tun Disambar 2020 aka ce sai ya haɗa layinsa da lambar NIN, in ba haka ba a rufe masa. Ɗansa ba zai zauna jarrabawar JAMB ba sai da lambar. Matarsa ta je awo a asibitin Sule Tankarkar an rubuta ta. Masu rajistar tallafi sun zo ƙofar gidansa da ƙaramar kwamfuta a hannu, sun tambayi yawan 'ya'yansa, da irin rufin ɗakinsa, da abin da ya mallaka. Masu rabon taki sun ɗauki hotonsa a tsaye a gonarsa.

Da wuya a samu wanda ya gaya masa inda waɗannan bayanai za su kwana, wa zai gan su, kuma yaushe za a goge su. Alhali doka ta ce sai an gaya masa.

Ina suke kwana?

Kamfanoni da hukumomi da yawa sun daina sayen manyan kwamfutocin ajiya su girke a ofisoshinsu. Haya suke yi. Akwai kamfanonin da suka gina maka-makan rumbunan adana bayanai, cike da dubban kwamfutoci, da wutar da ba ta ɗaukewa da na'urorin sanyaya wuri, suna ba da hayar wurin ajiya da ƙarfin lissafi ta intanet. Wannan tsari ne masana ke kira girgije. Manyan masu wannan sana'a a duniya uku ne, duk na Amurka: AWS na kamfanin Amazon, Azure na Microsoft, da Google Cloud. A nahiyar Afirka, manyan sansanoninsu suna Afirka ta Kudu. Microsoft ya buɗe nasa a Johannesburg da Cape Town a 2019, AWS ya buɗe a Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a farkon 2024. AWS ya kafa ɗan ƙaramin reshe a Legas a 2023, kuma akwai cibiyoyin cikin gida irin su Rack Centre da MainOne a can Legas ɗin. Duk da haka, manhajoji da yawa da ake amfani da su a Najeriya ajiyarsu tana Turai ko Amurka, inda hayar ta fi araha kuma kayan aikin suka fi yawa.

Mutanen Maigatari sun ɗanɗana ma'anar wannan nisa ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka katse a yankin gaɓar Kwaddibuwa. Manhajojin bankuna da dama suka tsaya cak. Ranar kuwa Alhamis ce. Mai raguna a bakin iyakar Nijar, wanda tsakaninsa da teku akwai tafiyar fiye da kilomita dubu, ya rasa yadda zai karɓi kuɗinsa saboda abin da ya faru a ƙasan ruwan wata ƙasa.

Jiharmu ta Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage, kuma wannan tarihi ya kamata matasan jihar su san shi. A farkon shekarun 2000, gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta kafa kamfanin Galaxy a Dutse da cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure, a lokacin da yawancin jihohi ba su ma fara tunanin intanet ba. A 2006 Gwamnatin Tarayya ta kafa Galaxy Backbone, kamfanin da ke riƙe da ajiyar bayanan ma'aikatunta, kuma a lokacin Jigawa na cikin masu hannun jari. Wannan kamfani ne ya gina cibiyar adana bayanai ta Kano, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a ƙarshen Janairun 2023, kimanin kilomita 120 daga Gumel. Shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, tun 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗejia ne. Jihar da ke da irin wannan gado ba ta da uzurin zama 'yar kallo idan ana maganar kare bayanan talakawanta.

Takardun da ke rataye a bango

Idan ka shiga shafin kowane babban kamfanin girgije, za ka tarar da jerin takardun shaida. Mafi shahara ita ce ISO 27001, wadda ta fara fitowa a 2005, aka sabunta ta a 2013 da 2022. Ba na'ura take dubawa ba, tsarin aiki take dubawa: ko kamfani ya san irin bayanan da ke hannunsa, ko ya auna haɗarin da ke tattare da su, ko ya fayyace wanda ke da izinin taɓa me, ko yana da shirin abin da zai yi ranar da aka yi masa kutse. Wani mai bincike daga waje ne ke zuwa ya bi diddigi, takardar kuma shekara uku take yi, tare da dubawa duk shekara. Tana da ƙanne biyu da aka yi musamman don girgije: ISO 27017 kan tsaro, da ISO 27018 kan bayanan mutane. Akwai rahoton SOC 2, wanda ƙungiyar akantocin Amurka ta tsara. Akwai PCI DSS, ƙa'idar da manyan kamfanonin katin cirar kuɗi suka gindaya wa duk mai taɓa lambar kati. Ita ce ta hana a adana lambobi ukun nan na bayan kati bayan an gama ciniki. Su kansu gine-ginen ana ba su daraja hawa huɗu, gwargwadon yadda za su iya ci gaba da aiki idan wuta ko wata na'ura ta lalace. Cibiyar Kano a kan hawa na huɗu aka tsara ta.

Waɗannan takardu suna da amfani, kuma duk hukumar da ta ɗora bayanan jama'a a wurin da ba shi da su ta yi ganganci. Matsalar ita ce yadda ake fakewa da su. Ɗan kwangila zai zo ya ce manhajarsa a AWS take, AWS kuwa yana da duk shaidar duniya, shi ke nan a sa hannu. Amma su kamfanonin girgijen da bakinsu suke faɗa cewa alhakin rabawa ake yi. Kamar mai hayar sito ne a kasuwar hatsi: mai ginin shi ke da katanga da rufi da maigadi, amma kwaɗon ƙofarka naka ne, kai ka san yaran da ka ba mabuɗi, in kuma ka tafi sallah ka bar ƙofa a buɗe, ba za ka kama maigadi ba. Kamfanin girgije yana tsaron gini da kwamfutoci. Wanda ya yi haya shi ke da alhakin saita wa zai shiga, da kulle bayanan yadda ba mai iya karanta su sai mai mabuɗi, da cire sunan ma'aikacin da ya bar aiki.

Yawancin ɓarnar da aka sani ta wannan ƙofa ta shigo. A 2019 aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 100 na bankin Capital One a Amurka, daga ajiyarsa da ke AWS, saboda kuskuren saiti daga ɓangaren bankin; hukuma ta ci shi tarar dala miliyan 80. Ba sai an je Amurka ba ma. A 2022 wasu masu binciken tsaron intanet suka gano cewa ma'ajiyar hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Filato, PLASCHEMA, da ke kan AWS, a buɗe take ba kalmar sirri. Takardun shaidar haihuwa, katunan shaida, hotuna, na mutum sama da dubu 37, duk wanda ya san adireshin zai iya ɗauka. Ba wani gwanin kutse da ya fasa komai. Jigawa ma tana da irin wannan hukuma, JICHMA, kamar sauran jihohi, kuma darasin Filato na kowa ne: ranar da aka karɓi manhaja daga hannun ɗan kwangila, dole a samu ma'aikacin gwamnati da ya san yadda ake duba ko ƙofar a rufe take.

Abin da dokar 2023 ta ce

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya, amma an daɗe babu dokar da ta fayyace yadda za a kare wannan 'yanci a zamanin kwamfuta. A Janairun 2019, lokacin da Isa Ali Pantami ke shugabancin NITDA, hukumar ta fitar da ƙa'idar kare bayanai ta farko, wadda ta ɗauko abubuwa da yawa daga dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a Mayun 2018. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan cikakkiyar Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC ƙarƙashin Dakta Vincent Olatunji. A Maris na 2025 hukumar ta fitar da babban umarnin aiwatar da dokar, ya fara aiki a Satumbar shekarar.

Dokar ta raba masu hannu a cikin lamarin gida uku. Akwai mai bayanai, wato kai da ni. Akwai mai iko da bayanai, wanda ya yanke shawarar tattara su da abin da za a yi da su: banki, asibiti, makaranta, ma'aikata. Sai mai sarrafawa a madadinsa, kamar ɗan kwangilar manhaja ko kamfanin girgije. Mai iko ba ya sauke nauyi don ya miƙa aiki ga wani. Dole a yi rubutacciyar yarjejeniya tsakaninsu, kuma dole ya tabbatar wanda ya ba aikin yana da matakan tsaro.

Ba a karɓar bayanin mutum sai da dalilin da doka ta amince da shi, kuma ba a karɓar fiye da abin da aikin ke buƙata. Wanda aka karɓa don rabon taki ba za a juya shi zuwa yaƙin neman zaɓe ba. Bayanan lafiya, da zanen yatsa, da addini, da ƙabila, da ra'ayin siyasa suna da kariya ta musamman. Yaron da bai kai shekara 18 ba sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. Mutum yana da ikon ya tambayi abin da aka ajiye a kansa, ya sa a gyara kuskure, ya janye yardarsa, a wasu halaye ma ya sa a goge. Idan aka yi kutse mai haɗari ga jama'a, sa'o'i 72 mai iko yake da su ya sanar da hukuma, in haɗarin babba ne kuma ya sanar da mutanen da abin ya shafa kai tsaye. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta ƙanana kuma miliyan 2 ko kashi 2 ɗin.

Wani zai ɗauka wannan magana ce ta bankunan Legas. Ba haka ba ne. A sanarwar da NDPC ta fitar a Fabrairun 2024, duk wanda ke sarrafa bayanan mutum fiye da 200 cikin wata shida ya shiga sahun waɗanda za su yi rajista. Aji na sama na bankunan kasuwanci ne da kamfanonin waya da makamantansu. Aji na tsakiya ya ƙunshi ma'aikatu da hukumomin gwamnati, da manyan makarantu, da manyan asibitoci, da ƙananan bankuna. Na ƙasa ya haɗa da makarantun firamare da sakandare, da asibitocin sha-ka-tafi, da wakilan da ke mu'amala da jama'a a madadin wasu kamfanoni. Da wannan ma'auni, Kwalejin Ilimi ta Gumel, da babban asibitin garin, da ƙananan asibitocin Gagarawa da Sule Tankarkar, da makarantar kuɗi mai ɗalibai ɗari uku, duk dokar ta hau kansu.

Hukumar ta nuna tana da haƙora. A Agustan 2024 ta sanar da tarar Naira miliyan 555.8 a kan bankin Fidelity, kodayake bankin ya musanta cewa ya karya doka. A Yulin 2025 ta ci MultiChoice, mai DStv, sama da Naira miliyan 766, kuma cikin laifukan da ta lissafa har da fitar da bayanan 'yan Najeriya waje ba bisa ƙa'ida ba. Ta yanka wa Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 32.8 a Fabrairun 2025, daga baya suka sasanta a wajen kotu. A Agustan 2025 ta wallafa sunayen kamfanoni sama da 1,300 ta ba su kwana 21 su kawo hujjar bin doka. Duk wannan abin yabo ne. Sai dai duk wanda ya duba sunayen zai ga inda idon hukumar ya fi karkata: inda kuɗi suke.

Bayanai ba su san shingen kwastan ba

Mutumin Maigatari ya fi kowa sanin iyaka. Ya ga an rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ya ga abin da rufewar ta yi wa kasuwa, ya ga Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Buhun gero ba ya wucewa sai an tambaya. Bayanan mutum dubu kuwa suna ƙetare ƙasashe biyar cikin ƙiftawar ido.

Dokar 2023 ba ta hana fitar da bayanai waje ba, sharaɗi ta sa. Dole inda za su je ya kasance yana da kariya daidai gwargwado, ko ta dokar ƙasar, ko ta yarjejeniyar da ta ɗaure mai karɓa, ko kuma mai bayanan ya yarda bayan an yi masa bayanin haɗarin. Kuma mai fitarwar dole ya rubuta hujjarsa ya ajiye. A gefe guda, ƙa'idojin NITDA na tun 2013 sun ce bayanan gwamnati a cikin ƙasa za a adana su, manufar girgije ta 2019 kuma ta karkasa bayanan gwamnati gwargwadon sirrinsu. Dalilin wannan taka-tsantsan a fili yake. A 2018 Amurka ta yi dokar da ta ba hukumominta damar neman bayanai, ta hanyar shari'a, daga kowane kamfanin Amurka ko da a wata ƙasa ya ajiye su. Turawa ba su ɗauki irin wannan da wasa ba: a Mayun 2023 hukumar kare bayanai ta Ayaland ta ci Meta tarar Yuro biliyan 1.2 kan kai bayanan Turawa Amurka.

A ganina, masu cewa a dawo da komai gida sun faɗi rabin gaskiya ne. Kwamfutar da ke Kano wadda aka bar ta da kalmar sirrin da kowa a ofis ya sani ba ta fi ta Ayaland da aka kulle da kyau aminci ba. Amfanin ajiya a gida shi ne kotun Najeriya da hukumar Najeriya suna iya kai hannu, kuma katsewar waya a teku ba ta tsayar da aiki. Wannan ya isa dalili ga bayanan asibiti da na rajistar talakawa. Amma wuri kaɗai ba ya tsaro.

Akwai kuma baƙonmu na Dungas ko Magarya da ke zuwa cin kasuwa, wanda sau da yawa yake da layin Najeriya ko yake karɓar kuɗinsa ta hannun mai POS. Dokar Najeriya ba ta tambayi ɗan wace ƙasa ne ba. Muddin a nan aka sarrafa bayanansa, tana kare shi. Nijar ma tana da tata dokar tun 2017, ta sabunta ta a 2022, da hukumar da ke kula da ita a Yamai. Abin da ya haɗa ƙasashen biyu a da shi ne yarjejeniyar ECOWAS ta 2010 kan kare bayanai, ga shi kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Jama'ar da harshensu ɗaya, aurensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, yanzu bayanansu na yawo tsakanin hukumomi biyu da babu tabbataccen zaren da ya ɗaure su.

Inda bango ya tsage

Duk abin da aka lissafa a sama yana can nesa. A nan ƙasar Lautai, bayanin mutum ba a rumbun Cape Town yake fara zubewa ba. A teburin farko yake zubewa.

Dattijo ya zo cirar kuɗi, idonsa ba ya ganin lambobi, ya miƙa kati ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi a gaban layi. Matar aure ba ta fita, ta ba yaro takardar NIN ɗinta ya kai shagon kwamfuta, mai shago ya ɗauki hotonta da wayarsa, hoton ya zauna a wayar tare da na mutum ɗari, wayar kuma tana kwafe komai zuwa girgije ba tare da shi kansa ya sani ba. Wani ya tara sunaye da lambobin BVN na mutanen unguwa a zauren WhatsApp da sunan za a kawo tallafi. Ma'aikacin wucin gadi ya gama aikin ƙidayar magidanta, an sallame shi, amma ba wanda ya rufe masa hanyar shiga manhajar. Babu takardar ISO da ta isa waɗannan wurare.

Kuma akwai masu saye. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna yadda wasu shafukan intanet ke sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya a kan Naira 100 kacal, har ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani da na shugaban NDPC kansa don kafa hujja. Hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko da haka ne, bayanan sun fita, kuma hankalin masu bincike ya koma kan 'yan tsakiya da aka ba izinin tantance mutane. A Yulin 2025 hukumar EFCC ta ce akwai matasa kusan dubu 12 a faɗin ƙasa da ke bin mutane suna sayen NIN da BVN ɗinsu a kan Naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a kan kusan 5,000, a buɗe asusu da su a yi damfara. Ina aka fi samun wanda zai sayar da sunansa a kan kuɗin kwanon gero? A ƙauyen da damina ta yi gardama. Ranar da aka bi sawun kuɗin sata ko na fansa, sunan da zai fito a takarda nasa ne, kuma ƙofarsa za a ƙwanƙwasa.

Wannan ya kai mu ga maganar yarda, wadda dokar ta ɗora abubuwa da yawa a kanta. Ta ce yarda sai ta kasance da son rai, bayan an fahimci abin da ake yarda da shi. To wace irin yarda ce ta matar da aka ce mata in ba ta dangwala ba babu sunanta a tallafi, takardar da Turanci, mai karantawar yana sauri ya kai gida na gaba? Ba ina cewa a daina rajista ba. Ba a raba taki ko kuɗin tallafi da ka. Amma minti biyu na bayani da Hausa, ko da Fulatanci a rugage, cewa ga wanda ya aiko mu, ga abin da za a yi da sunanki, ga inda za ki kai kuka, ba alfarma ba ce. Haƙƙinta ne da doka ta rubuta.

Haƙƙin gyara kuskure ma ya fi shafar mutanenmu fiye da yadda ake zato. Mutum ɗaya Muhammadu ne a katin ɗan ƙasa, Muhammad a banki, Mamman a rajistar manoma. Dubban mutane an rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa don mai rajista bai tsaya tambaya ba. Kwamfuta ba ta san dagaci ya san shi ba; in harafi ya saɓa, ta ƙi shi, kuɗinsa su maƙale. Gyaran ranar haihuwa a NIMC ya haura Naira dubu 28 tun 2025, ban da kuɗin mota da na shagon kwamfuta. Kuskuren na mai rubutu ne, biyan na talaka.

Abin da ke hannunmu

Ba sai an jira Abuja ba kafin a gyara da yawa daga cikin wannan. Duk ma'aikata ko ƙaramar hukuma ko makarantar da za ta ba da kwangilar manhaja tana iya sa tambayoyi kaɗan a cikin takardar kafin a biya ko kwabo. A wace ƙasa bayanan za su zauna? Asusun girgijen da sunan wa aka buɗe shi, na hukuma ko na ɗan kwangila? Wannan ta biyun ita ce aka fi mantawa, kuma ita ce ke sa in an ɓata da ɗan kwangila ya tafi da rajistar jama'a gaba ɗaya a aljihunsa. Su wa ke da izinin shiga, kuma ana rubuta sawun duk wanda ya shiga? In an yi kutse, cikin sa'o'i nawa zai sanar, tunda ita hukumar 72 kawai take da su? In kwangila ta ƙare, yaya za a dawo da bayanan a goge sauran? Takardar shaidar da ya nuna tasa ce, ko ta kamfanin da ya ba shi haya?

Dokar ta wajabta wa manyan masu riƙe da bayanai su naɗa jami'in kare bayanai. Wannan aiki ne da matasan da suka karanta kwamfuta a Kazaure da Dutse da Gumel za su iya, in an horar da su, maimakon a riƙa ɗauko masu ba da shawara daga Legas su zo su cike takarda su koma. Bankuna da kamfanonin da suka baza na'urorin POS a kasuwanninmu su ma doka ba ta sallame su daga abin da wakilansu ke yi ba. Yadda suke tura jami'ai su tallata na'ura, haka ya kamata su tura masu koyar da yadda ake riƙe sirrin abokin ciniki. Masarautar Gumel, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Ahmad Muhammad Sani, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka daɗe suna isar da saƙon rigakafin shan-inna gida-gida. Wannan hanya za ta iya isar da cewa ba a sayar da NIN, ba a karanta wa kowa lambar da banki ya turo ta waya, kuma duk mai zuwa rubuta sunaye sai ya faɗi wanda ya aiko shi.

Wanda aka riga aka cuta kuma yana da hanya. Zai fara rubuta wa bankin ko kamfanin ko hukumar da ta riƙe bayanansa, ya faɗi abin da ya faru da abin da yake nema, ya ajiye kwafi mai kwanan wata. In ba su saurare shi ba, ya kai ƙorafi NDPC, wadda doka ta ba ikon bincike, da ba da umarnin a biya shi diyya. Yana kuma da damar zuwa kotu ya nemi haƙƙinsa. Sai dai hedikwatar hukumar tana Abuja, ƙorafin kuma a rubuce ake yin sa, galibi ta intanet. Ga mai kiwon da ke Sule Tankarkar, wannan na nufin sai ya sake komawa shagon kwamfuta, ya sake miƙa takardunsa ga wani. Tebur ɗaya a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, da ma'aikaci ɗaya da aka horar ya karɓi irin wannan kuka da Hausa ya tura shi inda ya dace, abu ne da gwamnatin Malam Umar Namadi da shugabannin ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar za su iya sawa a kasafin shekara mai zuwa.